Jar Rigar Jinya: Tarihin Dokar Da Ke Biyan Rauni Da Lokaci

Ranar 31 ga Agusta, 2024, a garin Gainesville na jihar Florida, wani ɗan wasan Jami'ar Miami mai suna Cam McCormick ya cafe ƙwallon da aka jefo masa a bayan layin ƙarshe, ya ci wa ƙungiyarsa maki shida a wasan buɗe kaka. Shekarunsa 26 a lokacin, kuma shekararsa ta tara ke nan yana wasa da sunan ɗalibi. Justin Herbert, wanda suka shiga Jami'ar Oregon tare a 2016, yana gab da fara kakarsa ta biyar a gasar ƙwararru ta NFL, ya riga ya zama attajiri. Shi kuwa McCormick yana nan cikin yaran da ba su gama firamare ba a shekarar da ya fara zuwa jami'a.

Ba'a ta yi yawa a kafafen sada zumunta, har da masu tambayar ko likita yake son zama. Amma lissafin shekarun nan tara ba abin dariya ba ne. A 2016 bai buga wasa ko ɗaya ba. A 2017 ya buga kaka cikakkiya. A wasan farko na 2018 ƙafarsa ta karye, idon sawunsa ya lalace, aka yi ta yi masa aiki bayan aiki, har 2019 da 2020 suka wuce bai taka fili ba. Ya dawo a 2021, a wasa na biyu agararsa ta tsinke. Ya buga 2022 a Oregon, sannan 2023 da 2024 a Miami. Idan aka ƙirga kakannin da ya buga daga farko har ƙarshe, huɗu ne cif, daidai abin da doka ta yi wa kowane ɗan wasa alkawari. Sauran shekarun biyar, huɗu daga cikinsu a hannun likitoci suka tafi.

Dokar da ta ba shi wannan dama tana da tarihi mai tsawo, kuma tarihin ya fara ne daga wata matsala da ba ta da alaƙa da rauni ko kaɗan.

Agogon da aka kafa don korar sojojin haya

Ƙwallon ƙafar Amurka ɗan'uwan zari-ruga ne: ana riƙe ƙwallo a hannu, ana jefa shi, ana kayar da mai riƙe da shi da ƙarfin tsiya. A jami'o'i aka haife shi, kuma har yau filin wasan Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum fiye da 100,000. Gasar NFL ba ta ɗaukar matashi sai ya yi shekara uku da gama sakandare, saboda haka jami'a ce kusan hanya ɗaya tilo ta zuwa ga arziƙin ƙwararru. Ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'o'i ne ke samun shiga. Ga sauran, kakannin jami'a su ne dukan rayuwarsu ta wasa.

A ƙarshen ƙarni na 19 ba wanda ke ƙirga waɗannan kakanni. Ƙungiyoyi na ɗauko ƙarti daga ma'aikatu da gonaki, a rubuta sunansu a rijista ranar Juma'a, su buga wasa ranar Asabar. Akwai waɗanda suka shekara shida ko bakwai suna wasa, suna tsallaka daga wannan makaranta zuwa waccan. Misalin da aka fi ambata shi ne na Fielding Yost, ɗan wasan Jami'ar West Virginia, wanda a 1896 ya bayyana kwatsam cikin 'yan wasan Kwalejin Lafayette, ya taimaka musu suka doke Jami'ar Pennsylvania da ci 6 da 4, sannan ya koma inda ya fito. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu horarwa a tarihin Michigan.

A wannan shekarar ce jami'o'in tsakiyar ƙasar suka kafa rukunin da daga baya aka sani da Big Ten, kuma babban abin da ya haɗa su shi ne tantance wanda ya cancanci a kira shi ɗalibi. Bayan shekara tara sai jini ya ƙara wa batun nauyi. A kakar 1905 aƙalla 'yan wasa 18 ne suka mutu a faɗin ƙasar. Shugaba Theodore Roosevelt, wanda ɗansa ke wasa a Harvard, ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House a watan Oktoba. A 1906 aka kafa ƙungiyar da ta ɗauki sunan NCAA a 1910, ita ce ke tsara wasannin jami'o'i har gobe. A wannan zamanin ne manyan makarantu suka fara hana ɗaliban shekarar farko wasa, suka taƙaita wa kowa kaka uku.

Sannu a hankali waɗannan ƙa'idoji suka taru suka zama abin da ake kira agogon shekara biyar. Daga ranar da matashi ya fara karatu na cikakken lokaci a kowace kwaleji, agogo ya fara tafiya, yana da shekara biyar ya buga kaka huɗu a cikinsu. (Huɗun sun cika ne a 1972, lokacin da aka ɗage haramcin da ke kan 'yan shekarar farko.) Agogon ba ya tsayawa don mutum ya bar makaranta, ko kuɗi sun yanke masa, ko koci ya ajiye shi a benci. Uzurorin da aka sani kaɗan ne: aikin soja, aikin agaji na gwamnati a ƙetare, juna biyu ga mata, da aikin wa'azi na coci, wanda ya sa 'yan wasan Jami'ar Brigham Young, mabiya ɗariƙar Mormon, kan girmi abokan karawarsu da shekara biyu.

Manufar agogon ita ce hana sojan haya zama dindindin. Waɗanda suka tsara shi mutumin da ba ya son barin fili suke tunani. Wanda aka ɗauko daga fili a kan makara bai shiga lissafinsu ba.

Rigar da ba ta da lamba

Tazarar da ke tsakanin biyar da huɗu ita ce ta haifi jar riga. Labarin da aka fi yaɗawa na Warren Alfson ne, ɗan wasan Jami'ar Nebraska, wanda a 1937 ya ga manya sun cika gurbinsa, ya nemi a bar shi ya riƙa atisaye ba tare da buga wasa ba. Aka ba shi rigar makarantar, ja, ba lamba a jikinta. Ya yi shekarar yana ƙara ƙarfi, ya dawo ya shiga jerin gwanayen ƙasa a 1940. Tun daga nan duk ɗan wasan da aka ajiye shekara guda don a adana masa kaka, sai a ce ya sa jar riga.

Masu horarwa suka mayar da ita dabara. Yaro ɗan shekara 18 ba zai iya tsayawa gaban ƙato ɗan shekara 22 ba, don haka a ajiye shi ya ci ya ƙoshi, ya ɗaga ƙarfe, ya haddace tsarin wasa. Sai dai rigar tana da sharaɗi mai tsauri wanda ya daɗe har zuwa 2018: taka fili sau ɗaya, ko da na daƙiƙa biyar ne a ƙarshen wasan da aka riga aka ci, ya cinye kakar gaba ɗayanta. Wanda gwiwarsa ta tsinke a minti na farko na wasan farko ya ƙona kaka ɗaya daga cikin huɗunsa, daidai da wanda ya buga wasa 12 lafiya lau.

Abin da aka ƙi biya

A nan ne gizo ke saƙar. A kusan ko'ina cikin Amurka, ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin diyya a ƙarƙashin dokokin jihohi: kuɗin magani, wani kaso na albashi, da abin da za a ba iyalinsa idan ya mutu. Tambayar da ta tayar wa jami'o'i hankali a tsakiyar ƙarni na 20 ita ce ko ɗan wasan da ake ba masauki da abinci da kuɗin makaranta saboda wasansa ma'aikaci ne.

A 1953 Kotun Ƙolin jihar Colorado ta ce e, a shari'ar Ernest Nemeth, ɗan wasan Jami'ar Denver da ya ji rauni a atisaye. Hukuncin ya girgiza makarantu. Walter Byers, wanda ya zama babban daraktan NCAA na farko a 1951, ya bayyana da kansa a littafin tarihin rayuwarsa na 1995 cewa saboda wannan barazana ce suka ƙirƙiro laƙabin nan mai ma'anar ɗalibi ɗan wasa, suka cusa shi a cikin dokoki da bakin 'yan jarida, domin kalmar ɗalibi ta riƙa zuwa gaba.

Dabarar ta yi aiki. A 1955 Ray Dennison, ɗan wasan Kwalejin Fort Lewis a Colorado, ya mutu sakamakon buguwa a kai a cikin wasa. Matarsa ta nemi diyyar ma'aikata, kuma a 1957 kotun da ta ba Nemeth gaskiya ta hana ta, bisa hujjar cewa kwalejin ba sana'ar ƙwallo take yi ba. A 1974 Kent Waldrep na Jami'ar TCU ya karye a wuya a wasansu da Alabama, ya shanye, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Ya bi kadin haƙƙinsa a kotunan Texas har zuwa shekara ta 2000, inda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa shi ba ma'aikaci ba ne.

Shekara ɗaya kafin raunin Waldrep, a 1973, NCAA ta soke tallafin karatu na shekara huɗu, ta mayar da shi na shekara ɗaya da ake sabuntawa. Ma'ana, a ƙarshen kowace shekara koci na iya duba ɗan wasan da gwiwarsa ta ƙi warkewa ya miƙa gurbinsa ga wani yaro mai lafiya. Sai a 2012 aka sake halatta tallafin shekaru da yawa, kuma sai a 2015 manyan rukunoni biyar suka haramta wa kansu ƙwace tallafi saboda dalilin wasa.

A cikin wannan tsari, inda albashi haramun ne kuma diyya ba ta wajaba ba, abu ɗaya ne ya rage da ƙungiyar za ta iya miƙa wa mai rauni ba tare da ta rusa ginin da ta yi ba. Tana iya mayar masa da kakarsa. Kyauta ce da ba ta fita daga aljihun kowa, kuma makarantar da ta nema masa ita ce za ta sake morar jikinsa shekara guda.

Sharuɗɗan rangwame

A littafin dokokin NCAA ba a ambaci jar rigar jinya ba. Sunan da ke rubuce yana nufin rangwame saboda lalura, kuma rukunin da makarantar ke ciki ne ke duba buƙatar. Yadda aka yi aiki da shi a babban mataki har zuwa kakar 2025, sharuɗɗa uku ne. Dole raunin ko ciwon ya hana mutum wasa har ƙarshen kaka. Dole ya faru kafin wasan farko na rabin kaka na biyu, wato kafin wasa na bakwai a jadawali mai wasa 12. Kuma kada ɗan wasan ya buga fiye da wasa uku ko kashi 30 cikin 100 na jadawalin, duk wanda ya fi yawa. Kashi 30 na 12 shi ne 3.6, ana cike shi ya zama huɗu. Kafin 2007 iyakar kashi 20 ce.

Duk wanda ya yi nazarin waɗannan layuka zai ga irin halin da suke saka wa. Wanda ya karye a watan Satumba ya tsira da kakarsa, wanda ya karye a Nuwamba ya rasa ta, alhali shi ne jinyarsa za ta ci har cikin shekara mai zuwa. Mafi muni, ɗan wasan da ya ji ciwo a wasa na biyu, ya daure, aka yi masa allurar kashe zafi, ya ci gaba har wasa na biyar kafin jikin ya ƙi, ya zubar da haƙƙinsa da hannunsa. Wasa ne da ake yabon juriya a cikinsa fiye da komai, amma dokarsa wanda ya kwanta da wuri take karewa. Koci kuma, wanda nasa aikin ke rataye a kan sakamakon Asabar mai zuwa, ba shi ne mutumin da ya fi dacewa ya ba yaro shawara a kan wannan ba.

Akwai wani tarko kuma. Rangwamen yana mayar da kaka, amma ba ya tsayar da agogo. Wanda ya riga ya sa jar riga a shekararsa ta farko, sannan ya ji rauni a ta biyar, za a ce an mayar masa da kakarsa, amma babu shekarar da zai buga ta a ciki. Sai ya nemi izini na daban daga NCAA kanta don a ƙara masa shekara ta shida. Shekaru da dama sharaɗin wannan shi ne ya nuna ya rasa kaka biyu saboda abin da ya fi ƙarfinsa, kuma jar rigar da koci ya sa masa ba ta shiga lissafi. Hujjar da ake karɓa ita ce takardun likita da aka rubuta a lokacin da abin ya faru. Shaidar da likita ya bayar daga baya, bisa abin da ya tuna, ba ta da nauyi.

Mutum uku, ƙofa ɗaya

Kwatabak shi ne mai jefa ƙwallo kuma jagoran kai hari, kuma a kan masu wannan gurbi ne aka fi gwada dokar. Jason White na Jami'ar Oklahoma ya tsinke babbar jijiyar gwiwarsa ɗaya a 2001, ya tsinke ta ɗayar a 2002. Ya dawo a 2003 da gwiwoyin da ba sa iya gudu, ya lashe kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. An ba shi shekara ta shida, ya sake kai Oklahoma wasan ƙarshe na ƙasa. A 2005 babu ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi. Tennessee ta ba shi dama daga baya, amma kafin a fara kaka ya ajiye wasa, ya ce gwiwoyinsa ba za su iya ba. Jami'a ta sami kaka biyu na zinariya, shi kuma ya kai ƙofar albashi da jikin da ya ƙare.

Case Keenum na Jami'ar Houston ya fi shi sa'a. Ya sa jar riga a 2006, gwiwarsa ta tsinke a wasa na uku na 2010 a gidan UCLA, aka ba shi shekara ta shida a Janairun 2011. A wannan ƙarin shekarar ce ya kai jimillar jifarsa yadi 19,217, ya kafa tarihi a babban mataki, kuma duk da cewa shi ma ba a zaɓe shi ba, ya yi fiye da shekara goma yana cin abinci a NFL.

Na ukun shi ne wanda aka manta. Ben Mauk ya sa jar riga a Wake Forest a 2003, hannunsa ya karye kuma kafaɗarsa ta goce a wasan farko na 2006, ya koma Cincinnati ya kai ta ga nasara 10 a 2007. Ya nemi shekara ta shida, yana mai cewa a 2003 ma ciwon ƙafa ne ya hana shi wasa. NCAA ta ce takardun wancan lokaci ba su nuna haka ba. Ya ɗaukaka ƙara sau da dama, ya je kotu a jiharsa ta Ohio, duk ba ta canza ba. Ko gaskiya ya faɗa ko a'a, abin da shari'arsa ta koya wa makarantu shi ne cewa rubutu ya fi rauni muhimmanci. Jami'ar da ke da ma'aikatan jinya masu cike fayil da lauyoyi masu sanin lungunan doka za ta samar wa ɗanta shekara, ƙaramar kwalejin da mutum ɗaya ke ɗaure ƙafafun yara ɗari ba za ta iya ba.

Kada a rikita wannan da wata ƙofa mai kama da ita, wadda ke fitar da mutum maimakon dawo da shi. Idan likitocin makaranta suka ce ɗan wasa ba zai ƙara iya wasa ba, yana ci gaba da karatu kyauta, amma an cire shi daga cikin gurabe 85 da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya a wancan lokaci. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Alabama ta bi wannan hanya aƙalla sau 12 tun zuwan koci Nick Saban a 2007, kuma wasu daga cikin yaran sun ce sun ji kamar matsa musu aka yi don a samar wa sababbi wuri. Jami'ar ta amsa cewa likitoci ne ke yanke irin wannan hukunci.

Ranar da lokaci ya yi farashi

A 2018 aka sassauta abubuwa biyu. An yarda wanda ya sa jar riga a shekararsa ta farko, sannan ya rasa kaka ɗaya saboda rauni, ya nemi shekara ta shida, abin da zai raba irin su Mauk da neman tsohuwar takarda. A watan Yuni kuma aka ce ɗan wasa na iya buga har wasa huɗu a kowane lokaci na kaka ba tare da ya rasa jar rigarsa ba. Masu horarwa ne suka nemi wannan, domin su riƙa gwada yara da cike gurbin masu rauni. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya tun kafin Satumba ta ƙare: Kelly Bryant, kwatabak ɗin Clemson, da aka ba Trevor Lawrence gurbinsa bayan wasa na huɗu, ya tattara kayansa ya adana kakarsa, ya kai ta Missouri. Wannan karon ɗan wasa ne ya ɗauki rigar ya sa wa kansa.

Sai annobar korona ta zo. A Agustan 2020 NCAA ta ce kakar wannan shekara ba za ta shiga lissafin kowa ba, ko ya buga ko bai buga ba. Shekara ta shida, wadda a da sai an yi yaƙi a same ta, ta zama ruwan dare. Michael Penix, wanda rauni ya yanke masa kaka huɗu a jere a Indiana daga 2018 zuwa 2021, ya sami sararin komawa Jami'ar Washington, ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024, Atlanta ta zaɓe shi a matsayi na takwas. Idan ana neman hujjar kare dokar, shi ne hujjar.

Babban canjin kuwa daga kotu ya fito. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da bakin alƙalanta tara gaba ɗaya, ta yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston, ta nuna cewa ƙungiyar ba ta fi ƙarfin dokokin hana babakere ba. Ranar 1 ga Yuli aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House: kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, da izinin kowace jami'a ta biya 'yan wasanta kai tsaye har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Daga nan ƙarin kaka ta tashi daga alfarma ta koma dukiya. Ga kwatabak ɗin da ya yi fice a jami'a amma NFL ba ta ɗokinsa, shekara ɗaya a makaranta na iya fin duk abin da zai samu a shekarun farko na ƙwararru. Hana shi wannan shekara kuwa ya zama hana mutum sana'a, kuma lauyoyi sun san inda ake kai irin wannan ƙara. A Disambar 2024 wani alƙalin tarayya a Tennessee ya ba Diego Pavia na Vanderbilt umarnin wucin gadi, bisa ƙorafin cewa bai kamata a lissafa masa shekarun da ya yi a ƙaramar kwaleji ta shekara biyu ba. Ƙararraki suka biyo baya da dama, wani alƙali ya bayar, wani ya hana, har amsar ta koma ta dogara da kotun da mutum ya shigar da ƙara.

Tsohuwar rigimar takarda ma ta dawo. Trinidad Chambliss ya fito daga Ferris State, ƙaramar jami'a a mataki na biyu, ya kai Ole Miss wasan kusa da na ƙarshe na ƙasa a kakar 2025. Ya nemi a mayar masa da 2022, shekarar da bai buga wasa ba, yana mai cewa ciwon maƙogwaro da na numfashi ne suka kwantar da shi. A Janairun 2026 NCAA ta ƙi, da hujjar da ta ba Mauk shekara 18 da suka wuce, wato rashin isassun takardun lokacin. Wannan karon wata kotun jihar Mississippi ta ba ɗan wasan umarnin wucin gadi a watan Fabrairu.

Masu adawa da wannan yanayi suna da magana mai nauyi. Kowane gurbi da ɗan shekara 25 ya riƙe, akwai ɗan shekara 18 da ya rasa shi, kuma haɗa su a fili ɗaya a wasan karo ba ƙaramin haɗari ba ne. Shi ya sa ra'ayin ba kowa kaka biyar a shekara biyar, a soke jar riga da rangwame baki ɗaya, ya sami magoya baya a cikin masu horarwa. Tsari ne mai sauƙin fahimta wanda zai rufe kasuwar takardu. Sai dai a ƙarƙashinsa mai irin ƙaddarar McCormick kaka ɗaya cikakkiya kawai zai samu, domin shekarunsa biyar da sun ƙare a 2020 yana kan sanda.

Haka kuma ƙarin shekara ba ta gyara abin da ya lalace. Cam Rising ya kai Utah gasar Rose Bowl sau biyu a jere, gwiwarsa ta wargaje a karo na biyu, a Janairun 2023. Ya yi shekara guda yana jinya, aka ba shi ta bakwai. A wasa na biyu na 2024 ya ji rauni a hannun da yake jifa da shi, ya dawo a Oktoba ya ji wani a ƙafa, kakar ta ƙare masa da wasa uku. A watan Mayun 2025 ya sanar da cewa likitoci sun ba shi shawarar ya bar wasa saboda hannun. Inshorar da NCAA ta fara bayarwa a Agustan 2024 ga waɗanda suka gama wasa tana ɗaukar nauyin jinyar raunin fili na tsawon shekara biyu.